Duwatsun Duktur a Kwanon Rumasa'u

Litinin, 13 Zulhajji 1385, bayan la'asar

Jaka uku babu komai a ciki. Ta huɗu, ta biyar, ta shida. Na zazzage su, na juya cikinsu waje, na sake leƙa ƙarƙashin gado har sau uku kamar duwatsu suna da ƙafa. Sauran jaka biyar suna nan ɗaure yadda na bar su.

Wannan daftari Duktur Hamad Annil ne ya ba ni don in riƙa rubuta abin da muke tonowa. Yau zan rubuta abin da ke cikina, don ba ni da wanda zan gaya wa. Duktur mutumin Sudan ne, malamin ilimin ƙasa da duwatsu. Wata huɗu muka yi da shi a wani kwari, tafiyar rabin yini a mota daga Makka, muna tona rami muna tankaɗe ƙasa da rariya, muna tsince duwatsun da mutanen da suka fasa suka yi makami da su. Ni ke rubuta lamba a jikin kowane dutse, ni ke sa shi a jakarsa. Da hajji ta matso aka ba alhazai hayar ɗakinsa, shi kuma ya tafi Jidda don ya aika gawayi da bawon katantanwa ƙasar waje a auna shekarunsu. Ya ce mini, "Ya Mailafiya, ajiye mini waɗannan a gidanka. Babu wanda na yarda da shi kamarka."

Ya kuma ce in ya dawo zai tsaya mini, ya sa hannu a fitar mini da iƙama, takardar izinin zama. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na tsallako teku daga Sawakin ta Sudan, ba ni da ko guntuwar takarda. Matata Rumasa'u haifaffiyar unguwar Hindawiyya ce a nan Makka, tana da tata. Ranar da aka kama ni, ni kaɗai za a sa a jirgi.

Talata, 14, da hantsi

Na san inda suka tafi. Da ma ban sani ba.

Kowace shekara Rumasa'u takan sauke tsofaffin mata 'yan ƙasarmu a gidan nan namu na unguwar Misfala. Ba sa iya duƙawa tsintar tsakuwar jifa a cikin turereniyar Muzdalifa, don haka takan tsinto musu tun kafin lokaci a gindin dutsen bayan gida, ta wanke, ta ƙulle wa kowace arba'in da tara a ƙyalle. Bana bayanta ya matsa mata, ta yi ta kuka da shi. Ni kuwa tun biyar ga wata ina Mina ina kafa wa muɗawwif, mai kula da alhazai, tantuna.

Ta kawo mini shayi da burodin tamis tana wani murmushi. Ta ce, "Malam, ban yi maka godiya ba, hidima ta sha kaina."

Na ce godiyar me.

"Tsakuwoyin mana. Kai ma da ɓoye-ɓoye sai ka ce saurayi. Na duƙa zan share ƙarƙashin gado, sai ga su, an tsince, an ware manya daban ƙanana daban. Wallahi har ƙwalla na yi. Na ce ashe Malam yana ji da nake kukan bayana."

Na ajiye kofin shayin.

"Ƙananan na ɗauka, manyan ai sai su fasa wa wani kai. Sai dai sun yi kaifi. Hajiya Sa'adatu baƙuwarmu ta ce bana kam Shaiɗan zai ji a jikinsa. Amma Malam, datti! Na juye jaka ukun a kwano guda, ruwan ya yi baƙi ƙirin. Saura na nan, mu ajiye na baɗi."

Ba datti ba ne, lambobina ne. Tawadar Duktur ta ƙare tun wata na biyu, ni kuma don kada in dame shi sai na ci gaba da tawadar allona. Tawadar allo kuwa tun da aka fara dafa ta, don a wanke ake yin ta. Ban yi wannan tunanin ba sai yau.

Laifina ne, ban taɓa gaya mata aikin da nake yi ba. Cewa na yi neman ruwa muke yi. Namiji mai shekara arba'in da shida, da gemu, ya ce wa matarsa tsintar dutse yake yi a daji? Kunya ce ta hana ni.

Na buɗe baki zan faɗa mata. Shekara tara da aurenmu ban taɓa ganin ta dube ni irin na yau ba. Na ce, "Ba komai, ai yi wa kai ne."

Laraba, 15, azahar

Na ƙirga na cikin kwanon. Ɗari biyu da sha ɗaya, fes da su, ba ɗigon tawada. Sauran tsofaffi bakwai sun jefi Shaiɗan da su.

Alhamis, 16, bayan magariba

Na je Mina. Kabo, ƙanin Rumasa'u, shi ya kai ni a tasinsa. Dole ta sa na gaya masa, na kuma sa shi ya rantse ba zai gaya wa yayarsa ba. Ya yi dariya har sai da ya tsayar da motar a gefen hanya.

"Ya shek! Yanzu Shaiɗan za ka je ka ce ya maido maka kayanka? Ai sai ka tafi da goro."

Na ce ya tuƙa mota ya rufe mini baki.

Mina ta zama kango. Tantuna a kwance, ƙudaje, wari. A gindin wurin jifan tsakuwa ta yi tudu har ta fi ni tsawo, ga takalma birjik, har da lema. Masu kwasa suna lodawa a kan jakuna. Na tsuguna na fara tonawa da hannu. Wani mai kwasa ya tambayi Kabo me na yar, Kabo ya ce masa hankalina.

Tun hantsi har la'asar na samo guda biyu. Watakila ma ba su ba ne. Da na riƙe su a tafin hannuna sai na tambayi kaina, ko da na samo duka, daga wace jaka? Na zubar da su na shiga mota. Kabo bai ƙara yin dariya ba, ya saya mini ruwan sanyi.

Juma'a, 17, bayan sallah

An fara kamen marasa takarda. Mota biyu aka cika daga bayan kasuwa. An ce an tafi da Issoufou mai wanki da kumfar sabulu a hannunsa. Na yi Juma'a na dawo ta lungu.

Asabar, 18, da hantsi

Ban fita ba. Na shimfiɗa tabarma na baje na kwanon, ina ta kallonsu ko za su gaya mini wani abu.

Bari in rubuta abin da Duktur yake nema, ko kaina ya warware. A cikin ramin ƙasa hawa-hawa take. Can ƙasa baƙa ce, da bawon katantanwa. Duktur ya ce a nan tafki ne, da ciyawa, da manyan namun daji. A nan inda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa! A wannan hawan muka samu manyan duwatsu masu baki, irin wanda a garinmu, Gumel, muke kira gatarin aradu, mu ce daga sama ya faɗo. Na gaya wa Duktur haka, ya ce a'a, mutum ne ya sassaƙa, mai yatsu biyar kamar nawa.

A saman baƙar ƙasa sai farin yashi, kamu bakwai. Ya ce wannan lokacin ne ƙanƙara ta rufe ƙasashen arewacin duniya, ta daskare ruwa ta riƙe, mu nan sama ta ƙi zubarwa. Tafkin ya ƙafe, manyan dabbobi suka gudu. Mutanen da suka rage sai farautar barewa da zomo, ga tafiya mai nisa tsakanin ruwa da ruwa, babu mai ɗaukar ƙaton dutse. Sai suka koma fasa ƙanana kamar farce, suna ɗaurawa a kan kara. A ganinsa, yadda fari ya riƙa tsananta haka duwatsun suka riƙa ƙanƙancewa. Jaka ta huɗu ƙasan yashin ce, ta biyar tsakiya, ta shida sama. Duk hujjarsa tana cikin jakunkunan nan uku.

Ni har yanzu ban gane yadda sanyin wata ƙasa zai hana wata ƙasa ruwa ba. Na tambaye shi sau biyu, ya zana mini a ƙasa, na ce na gane don kada ya gaji. Amma akwai ranar da na tsinci wani ɗan tsini mai kyau, na ɗora shi tsakanin yatsuna, ya zauna daram. Na ji tausayin mai shi ya kama ni. Shi ma fari ya kore shi daga inda ya saba.

Ramin mun cike shi da hannunmu kafin mu taho. Ko da ba mu cike ba, ranar Laraba Duktur zai dawo, aikin wata huɗu kuwa ba ya dawowa a kwana huɗu.

Lahadi, 19, asuba

Na san abin da Duktur yake so ya gani. Wannan shi ne abin da ya hana ni sukuni.

Lahadi, la'asar

Rumasa'u ta dafa mini shinkafa da kaza, ba sallah ba suna. Tana ta ba maƙwabta labarin tsakuwa. Na kasa ci, ta ce ko zazzaɓin bayan hajji ne.

Litinin, 20, azahar

Rumasa'u ta tafi Hindawiyya gaida 'yan'uwa. Na aika an sayo mini tawada irin ta Duktur. Na rufe ƙofa.

Masu ɗan girma a ta huɗu. Matsakaita a ta biyar. Ƙanana a ta shida.

Ba zan rubuta fiye da haka ba. Na shafa musu ƙurar gindin bango. A natse na yi aikin, wannan ma ya ba ni tsoro.

Talata, 21, da hantsi

Duwatsun ai nasa ne, daga raminsa. Ban ƙara ko ɗaya ba. Kuma watakila da ma haka suke. Watakila ma na mayar da kowanne jakarsa ba tare da na sani ba. Wa ya sani? Mutanen da suka fasa su sun mutu tun kafin a san rubutu, ba za su zo su ƙaryata ni ba.

Ban ƙara ko ɗaya ba.

Laraba, 22, bayan la'asar

Duktur ya dawo. Ya zo gidan da kansa, ya zauna a tabarma ya baje jaka ukun. Ya ce kamar sun ragu. Na ce na ware fasassu waɗanda ba su da amfani. Ya ɗaga kai kawai, hankalinsa yana kan ma'auninsa na ƙarfe.

Ya auna, ya rubuta, ya auna, ya rubuta. Can sai na ga ya cire tabarau yana goge ido. "Ya salam. Mailafiya, dubi. Kamar matakala. A rami ban lura sun jeru haka ba." Ya ce shekara shida yana faɗin wannan magana manyansa suna yi masa dariya. Ya kama hannuna da hannu biyu ya girgiza.

Ya ce ranar Asabar zai zo da takardata.

Ya kamata in yi murna. Na kasa.

Alhamis, 23, azahar

Masu kame sun matso. Lungu biyu ya rage tsakaninmu.

Juma'a, 24, bayan asuba

Kwana ɗaya. In yi shiru kwana ɗaya kawai.

Akwai abin da na tuna, da ma ban tuna ba. Ranar da muke tsakiyar yashi, na jaka ta biyar, ni da kaina na ciro masu ɗan girma har guda tara a wuri ɗaya, kwance tare da ƙananan. Duktur yana fama da ciwon kai ran nan, yana cikin tanti, bai gani ba. Yanzu waɗanda suka rage daga cikinsu suna jaka ta huɗu, inda na sa su.

To mene ne? Wa zai mutu don barewa ta sha kibiya babba ko ƙarama?

Asabar, 25, bayan magariba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Ya zo da hantsi da takarda biyu. Ya ajiye su gefe da gefe a kan tabarma. Ɗaya tawa ce, an cike komai, saura sa hannunsa. Ɗayar kuma ya ce shaida ce da zai haɗa da littafinsa, cewa ni Mailafiya ɗan Salihu, ni na ciro kowane dutse, na kuma sa masa lambar hawan da aka same shi. Ya miƙo mini alƙalami. "Sa naka, in sa nawa."

Na karɓa. Na ɗora bakinsa a kan takardar har ya yi ɗigo. Daga nan ban san abin da ya faru ba. Na ji bakina yana magana. Kwano, tawadar allo, tsofaffi bakwai, Mina, ranar Litinin da ƙofa a rufe. Har masu girman nan tara na faɗa. Har yanzu ban sani ba ko tsoron Allah ne ko wauta. In tsoron Allah ne, ina yake ranar Litinin?

Duktur bai ɗaga murya ba. Da ya yi ihu da ya fi mini.

Ya ce, "Guda nawa ne na gaskiya?"

Na ce duka na gaskiya ne, wurin zamansu ne ba na gaskiya ba.

"Dutsen da ba a san inda ya kwanta ba tsakuwa ce, ya Mailafiya." Ya ɗauki ɗaya ya juya shi ya ajiye. "Tara, ka ce? A tsakiyar yashi?"

Na ce tara.

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce ke nan watakila shekara shida yana kan kuskure, kuma abin da zai nuna masa gaskiya yana ƙarƙashin takalman alhazai. Ya tattara jakunkunansa da kansa, bai bari na taɓa ba. A bakin ƙofa ya juyo.

"Matarka kuskure ta yi, Allah ya ba ta ladan niyyarta. Da ka kawo mini su a kwanon, a wanke, wallahi da na yi kuka na share hawayena na sa maka hannu. Amma ka zauna ka karanci abin da zuciyata take so, ka jera mini shi. Da na tafi da shi gaban duniya da sunana."

Ya naɗe takardun biyu ya sa a aljihu.

Da na juyo, labulen ɗaki yana motsi. Tiren shayi yana ƙasa, ya huce.

Lahadi, 26, azahar

Magana ɗaya ta yi. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. "Ashe ba ni ka tara wa ba."

Na ce Rumasa'u, ki saurara. Ta ɗauki farantinta ta shiga ciki.

Litinin, 27

Shiru.

Talata, 28, la'asar

Na je masaukin Duktur. Mai gadi ya ce ya tafi Jidda tun jiya da akwatunansa duka. Na tambaya ko ya bar saƙo. Ya ce ya bar rariya biyu da shebur, in ina so.

Ban ji haushinsa ba. Na so in ji, na nema, babu. Haushin kaina nake ji, da na tawada, da na ƙanƙarar da ta zauna a ƙasar wasu ta jawo mini wannan.

Laraba, 29, da hantsi

Mai unguwa ya aiko. An rubuta sunana cikin waɗanda za a kora. Ya ce don mutuncin surukaina ba za a zo a ɗauke ni a gaban mutane ba, in kai kaina Jidda ranar Lahadi, jirgi zai tashi zuwa Sudan. Daga can kowa ya san hanyarsa.

Kabo ya zo ya zauna a bakin ƙofa. Ya ce, "Yaya, kai wane irin mutum ne? Ka yi ƙarya, ƙarya ta karɓe ka, sannan ka ce ba ka so? Da ka bari ya sa hannu, bayan sati ka rubuta masa wasiƙa." Na ce ban yi wannan tunanin ba. Ya ce ai ya sani, shi ya sa yake jin kamar ya mare ni. Sai kuma ya juya baya yana share fuska da hularsa.

Alhamis, 30, bayan la'asar

Na yi ɗawafi. Ban iya roƙon komai ba, zagayawa kawai na yi.

Kayana ba su cika akwati ɗaya ba. Na ce wa Rumasa'u ta bayan labule, in tana so in sauwaƙe mata kafin in tafi, don kada ta zauna da igiyar wanda ba zai dawo ba. Tana da takardarta, ga kabarin iyayenta, ga Kabo, ga baƙinta na kowace shekara. Ba ta taɓa wuce Jidda ba. Hausarta ma rabi Larabci ce. Ba ta amsa ba. Ina jin tsoro, kuma ina jin kunya, ban san wanne ya fi ba.

Juma'a, 1 Muharram 1386, bayan sallah

Na dawo daga masallaci na tarar da tsakar gida a hargitse. Tukwane a waje, maƙwabta suna fita da tabarmi, wata tana rungume da murhunmu tana kuka. Na ɗauka gidan 'yan'uwanta Rumasa'u za ta koma. Na tsaya a soro kamar baƙo.

Kabo yana ɗaure wani ƙaton ƙunshi da igiya. Ya ce wa Rumasa'u, "Wallahi ya ukti, wannan ba zai shiga bayan mota ba."

Ta ce, "Zai shiga. Ka ɗora akwatin Malam a sama, mu biyu mu zauna a baya."

Na ce mu biyu wa.

Sai a lokacin ta dube ni, karo na farko tun ranar Asabar. Idonta ya kumbura. "Mutumin da bai san tawadar allo tana wankuwa ba, shi zan bari ya tsallake Sudan shi kaɗai? Maganar da ka yi jiya kuma, kada in ƙara jin ta."

Na ce Rumasa'u, ba ki san ƙasar nan ba. Tafiyar wata da watanni ce. Ba ni da gida a can, ban ma san wa ya rage ba.

"Kada ka ɗauka na yafe maka. Ban yafe ba. A jirgi zan yi tunani."

Na zauna a kan turmi. Sai na ce mata Gumel akwai sauro da damina.

Ta ce to. Ta shiga ɗaki ta kwance gidan sauronmu, ta fito tana naɗewa.